Alhakin Kare Al'umma

Alhakin Kare Al'umma wata ƙa'ida ce ta hulɗar ƙasa da ƙasa wadda shugabannin duniya suka amince da ita a taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 2005. A ƙarƙashinta, wajibi ne kowace gwamnati ta kare mutanenta daga kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi, korar ƙabila daga mahaifarta da manyan laifukan cin zarafin bil'adama. In ta gaza, ko kuma ita ce mai ɓarnar, sai nauyin ya koma kan sauran ƙasashe ta hannun Kwamitin Sulhu na Majalisar.

Abin kunyar Ruwanda na cikin abubuwan da suka haifar da ita. A 1994 an kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana 100, duniya ta zuba ido.

A Libiya aka yi wa ƙa'idar babban gwaji. A watan Maris na 2011 kwamitin ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 don kare fararen hula. Najeriya ta goyi baya, Rasha da Sin suka yi rowar ƙuri'a. Sai dai an zargi jiragen NATO da wuce gona da iri, har gwamnatin Gaddafi ta faɗi, makamanta suka malalo Mali da Nijar. Bayan wannan, da aka kawo batun Siriya gaban kwamitin a watan Oktoban shekarar, Rasha da Sin suka hau kujerar na ƙi.