Asalin Madubin da Ke Rufe Fuskar Tauraro

Ran Laraba, 29 ga Maris 2006, da hantsi, lokacin da inuwar wata ta ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi, mutanen Fakku da sauran ƙauyukan Kebbe da Tambuwal, waɗanda ke yamma da hanyar inuwar, suka ga an cinye mafi yawan rana, aka fita sallar husufi. Waɗanda duhun ya rufe sarai kuwa sun ga Gamzaki da rana, sun kuma ga wani farin rawani na haske kewaye da baƙin wata, wanda kullum yana nan, ƙarfin rana ne kawai ke yi masa hijabi.

Masana falaki sun daɗe suna bin husufi ƙasa ƙasa domin wannan rawani, alhali ba ya daɗewa fiye da 'yan mintoci, har Allah ya kawo wani Bafaranshe, Bernard Lyot, wanda ya ga ya fi sauƙi a ƙera husufin. Ya dasa ɗan faifai cikin madubin hangen nesa daidai inda surar rana ke faɗawa, kamar mai kare ido da tafin hannu don ya gane wa ke tafe. Sai dai haske ba ya da biyayya: yana lanƙwasowa ta bakin gilashi, ƙwayar ƙura ɗaya ma ta isa ta watsa shi. Saboda haka ya ƙara wani zobe da ke tare abin da ya zille, ya hau dutsen Pic du Midi, mita 2,877, inda iska ta yi garau, a 1931 ya ɗauki hoton rawanin ba husufi. A ganina wannan zoben ne ainihin hikimar, faifan kowa zai iya tunaninsa.

Daga baya aka juya na'urar wajen taurari. A 1984, a ƙasar Chile, Bradford Smith da Richard Terrile suka rufe fuskar tauraron Beta Pictoris, suka ga faifan ƙura kewaye da shi. A 2022 madubin James Webb ya ɗauko hoton duniyar HIP 65426 b, wadda ta fi Mushtari nauyi ninkin ba ninki. Amma duniya irin tamu, hasken tauraronta ya rinjaye ta wajen sau biliyan 10, kuma har yau ba a ɗauki hotonta ba.