Daga Kotu zuwa Lasifikar Shago: Makomar Haramtattun Waƙoƙin 2009 a Dutse

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun waƙoƙin Hausa na fiyano da aka haramta a Kano, waɗanda a yau ake sakawa a shagunan Dutse da kewayenta ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Hujjarta ita ce zafin waƙoƙin yana cikin habaici ne, shi kuwa habaici ba ya cizo sai mai sauraro ya san wanda ake yi dominsa.

Asalin rikicin

An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Lamarin ya tsananta a 2007 da aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugabanta. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin "Bahaushiya". Mawaƙa suka mayar da martani da abin da suka iya. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da "Oyoyo" ta Zango, da "Girgiza Kai" ta Nazir Hausawa, da "Hasbunallahu" ta Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, wanda shi ma aka tsare shi a wannan shekara.

Hukuncin kotun Kano ba ya aiki a Jigawa, inda Dutse take, wadda ta zama jiha mai cin gashin kanta tun 1991. Balle ma wayar hannu ba ta san iyaka ba. Ta Bluetooth da memori waƙoƙin suka iso Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu, aboki yana tura wa aboki. Mallakarsu a lokacin ɗaukar ɓangare ne.

Yadda zafin ya huce

A Amurka, kamfanin Muzak da ya fara aiki a shekarun 1930 ya riƙa sake kaɗa sanannun waƙoƙi ba murya, don su dace da kantuna da masana'antu. A Dutse kuwa ba wanda ya cire baiti ko ɗaya. Abin da ya gushe shi ne abokin faɗan. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta sauka a 2011, shugabancin hukumar ya canza hannu.

"Hasbunallahu" ce misali mafi kyau. Addu'a ce a kan azzalumi, ba ta ambaci sunan kowa ba. A 2009 mai sauraro ne ke sa sunan a ransa. Yaron shagon da aka haifa bayan rikicin yana jin roƙon Allah ne kawai, irin wanda ɗan kasuwa zai so ya buɗe shago da shi don tsari daga mahassada. Dabarar sakaya suna, wadda mawaƙi ya fake da ita a ranar tsanani, ita ce ta sauƙaƙa raba waƙar da tarihinta.

Akwai kuma hannun masu tura waƙa. A rumfunansu, ko a titin Hakimi ko a kasuwar Shuwarin, cika memori ake yi a dunƙule: ta soyayya, ta biki, ta siyasa, begen Annabi, duk a jere. Tela ko mai aski ba zaɓe yake yi ba. Sauti yake so da zai ɗebe kewa ya rufe ƙarar janareto. Haramtacciyar jiya sai ta faɗo tsakanin waƙoƙin amarya biyu.

Matsayin mawaƙan ma ya sauya. Alan Waƙa da aka gurfanar a Kano, daga baya Masarautar Dutse ta naɗa shi Sarkin Waƙa. Muryar mai rawani ba ta sa uban gida ya ce a rage rediyo.

A ganin mai wannan nazari, akwai asara a nan. Waƙoƙin shaida ne na yadda matasa suka yi jayayya da hukuma kan wanda ke da ikon faɗin abin da ya dace da tarbiyyar Bahaushe. Ya kamata masu nazarin Hausa a Jami'ar Tarayya ta Dutse su tattara su, su kuma naɗi bayanan waɗanda suka tura su a ɓoye, tun suna iya tuna wanda kowane baiti yake nufi.