Asalin 'Yan Kokowar Doso

A ƙasashen Turai in ana maganar ƙungiyar wasa, akan faɗi sunan attajirin da ya kafa ta, da ranar da aka yi mata rajista. Ƙungiyar 'yan kokowar jihar Doso ba ta da ko ɗaya. Ba wanda ya saye ta, ba wanda zai iya sayar da ita, kuma kowace shekara sai an sake haɗa ta daga tushe. Duk da haka ita ce ta fitar da mutum biyun da suka fi kowa ɗaukar takobi, wato kyautar zakaran ƙasa, a tarihin kokowar Nijar.

Tushenta yana ƙauye, tun kafin zuwan Nasara. A kudancin Doso, wato ƙasar Dandi inda garin Gaya yake a bakin kogin Kwara, ruwan sama ya fi sauka fiye da sauran sassan Nijar. Ana noman gero da dawa da shinkafa da rake da rogo, ga dazuzzukan giginya a Dallol Mawri. In kaka ta yi, an cika rumbuna, samari sun ƙoshi, to sai kiɗa ya tashi a dandali da farin wata. Wannan ƙauye ya aika wa wancan goron gayyata, su zo da ƙaƙƙarfansu da makaɗansu, a share fili, a yi da'ira. Wanda ya yi kaye ba ya samun wani abin kirki ban da 'yar kyautar masu kallo, da guɗar 'yan mata, da sunan da zai bi shi har kasuwa. Amma sunan nan ba ƙaramin abu ba ne, don sau da yawa shi ke sauƙaƙa wa saurayi neman aure.

Iyaka ba ta taɓa hana wannan ba. Gaya na kallon Malanbil ta ƙasar Benin a ƙetaren kogi, Kamba ta jihar Kebbi kuwa tana nan kusa ta gabas. Dandawa da Hausawa da Zabarmawa da Kengawa suna zaune a kowane ɓangare, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Saboda haka ɗan kokowar wannan yanki tun yana ƙarami yake saba kama baƙon jiki, wanda bai san dabararsa ba.

Haka abin yake har shekarar 1974. A ranar 15 ga Afrilu ta wannan shekara sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau mulki, ƙasa kuwa ta fito daga mummunan fari da yunwa. Sabuwar gwamnati ta nemi abin da zai haɗa kan jama'a, ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta kuma duba ta ga akwai wasa ɗaya da manomi da makiyayi da ɗan birni duk suka sani, ba sai an sayo ƙwallo ko takalmi daga waje ba. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Ango na Maradi, wanda aka fi sani da Kantu, ya zama zakara. A lokacin ƙasar ta kasu kashi bakwai ne: Agadas, Difa, Doso, Maradi, Yamai, Tawa da Damagaram. Kowane kashi sai da ya kawo nasa mutanen, kuma daga wannan bukata ne aka haifi ƙungiyar Doso. Daga baya aka yanki Tilaberi, jihohi suka zama takwas.

Yadda ake haɗa ta kuwa tamkar tankaɗe ne da rariya. Ana farawa daga ƙananan hukumomi, waɗanda suka tsira su haɗu a gunduma. Jihar Doso tana da gundumomi takwas: Gaya, Junju, Dogon Dutsi, Tibiri, Loga, Boboye, Falmai da Doso kanta. Zaɓaɓɓun gundumomi su taru a babban birnin jiha, a yi ta kamawa har a fitar da mutum 10. Su ne za a killace a ba su horo da abinci mai kyau, su tafi da sunan jiha. Jihohi takwas, kowace da goma, 'yan kokowa 80 ke nan. Kowace jiha sai ta gamu da sauran bakwai ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda bayansa bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya shi kaɗai ke da damar neman takobi a kwanakin ƙarshe. Wannan ƙa'ida tana da tsanani. Mutum na iya kayar da shida, na bakwai ya yi masa taɗiya cikin ƙiftawar ido, shi ke nan sai baɗi.

Wanda bai taɓa shiga fili ba zai yi zaton da an busa usur ake kamawa. Ina! Da farko ɗan kokowa zai fito da walkinsa, damatsa cike da kambu, ƙugu da guraye, wuya da layu. Ya durƙusa ya shafi ƙasa, ya watsa wa jikinsa ruwan rubutu daga gora, ya ɗaga hannu ya yi kirari, yana lissafa waɗanda ya kayar da garuruwan da ya kayar da su. Makaɗa su amsa masa. Kafin a fara sai alƙali ya sa a tuɓe yawancin kayan nan, a tara su a gefe. Sa'an nan su sunkuya suna kallon juna, wannan ya miƙa hannu ya taɓa kan wancan, wancan ya kaɗe. Ana iya shafe mintoci a haka, jama'a na ta gunaguni, sai kwatsam ɗaya ya cafki ƙafa, ƙura ta tashi, kafin mai sayar da ruwa ya juyo an gama. A tsakanin kamu da kamu 'yan cali-cali ke shiga da tsummokaransu da manyan tumbunansu na ƙarya, suna kwaikwayon yadda wane ya faɗi, har wanda aka kayar ma wani lokaci sai ya yi dariya.

Mutumin farko da ya ɗaga sunan Doso shi ne Salma Ɗan Rani. A zamanin su Kantu na Maradi da Kadade na Tawa da Langa-Langa na Damagaram, lokacin da gari kan yi tsit mutane sun kewaye rediyo suna sauraron Muryar Sahel, Salma ya ɗauki takobi sau huɗu. Shi ya sa filin kokowar birnin Doso yake ɗauke da sunansa a yau, kamar yadda na Maradi ke ɗauke da sunan Kantu, na Damagaram kuma sunan Langa-Langa.

Bayansa sai Doso ta shiga dogon jira. Takobi ya yi ta yawo tsakanin Maradi da Tawa da Damagaram da Yamai da Agadas, ta hannun irin su Labo Maikafo da Balla Haruna da Laminu Maidaba. Shekaru masu yawa adadin Salma na nan ba wanda ya kamo shi, har wasu suka ɗauka ba za a taɓa kamowa ba.

Wanda ya kamo shi, ya kuma wuce, ɗan jiharsa ne: Kadri Abdu, wanda duk Nijar ke kira Isaka Isaka. A ƙarshen Disamba 2023, a gasa ta 44 da aka yi a Agadas, ya ɗauki takobinsa na shida. Lokacin ƙasar na cikin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, gadar Gaya da Malanbil a rufe, manyan motocin da suka saba ɗauko kaya daga Kwatano sun tsaya cik, mutane na ƙetare kogi da kwalekwale. Kasuwar Gaya ta ji jiki ƙwarai a wannan shekara, amma hakan bai hana a cika gaban talabijin a ga ɗan jiha ya sha rawani, an miƙa masa takobi da doki da kuɗi ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa game da sauran mutum taran da ke cikin goman jiha. Kyauta mai tsoka ta zakara ce, saura kuwa sukan koma gida da abin da bai taka kara ya karya ba, su ci gaba da noma ko dako, da ciwon gwiwa da na baya. Kukan tsofaffin 'yan kokowa kan rashin kulawa tsohon kuka ne a Nijar, alhali kuwa kayen da waɗannan tara ke yi shi ke tantance matsayin jiha a jerin jihohi.

Daga 1975 zuwa 2024 an yi gasa 45, wato akwai shekarun da aka tsallake. Ta 45 ɗin Doso ce ta karɓi baƙuncinta a Disamba 2024, a filin Salma Ɗan Rani, gaban jama'ar da suka zo daga Gaya da Dogon Dutsi da sauran gundumomi suna fatan ganin takobi na bakwai a hannun Isaka Isaka. Abba Ibro na Tawa ne ya tafi da shi.