Yadda Karyewar Bankuna Ta Haifi Lasisin Masu Ƙiyasin Gidaje a Amurka

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, a mafi yawan jihohin Amurka, duk wanda ya ga dama yana iya kiran kansa mai ƙiyasta darajar gidaje da filaye. Ba a tambayarsa inda ya yi karatu, ba a tambayarsa wa ya koya masa aikin. Ya rubuta wa banki cewa gidan wane ya kai dala kaza, ya sa hannu, banki ya ba da bashi a kan wannan rubutun. Dillalan gidaje kuwa tun 1919 jihar Kaliforniya ta ɗora musu lasisi, sauran jihohi suka bi sahu. Sai da aka ƙara shekara 70 kafin dokar tarayya ta waiwayi mai ƙiyasi, alhali a kan maganarsa ake jingina dukiyar jama'a.

Aikin mutanen biyu ba ɗaya ba ne. Dillali la'ada yake ci, kuma la'adarsa tana ƙaruwa ne idan farashi ya hau. Mai ƙiyasi ba shi da rabo a cinikin, ko kuwa dai haka ya kamata. Ana biyansa ne don ya faɗi abin da gida zai iya yi a kasuwa idan an kai shi yau, ba tare da an matsa wa mai saye ko mai sayarwa ba. Yakan duba yadda aka sayar da makamantan gidan a unguwar kwanan nan, ko ya lissafa kuɗin fili da abin da za a kashe a sake gina irinsa ya cire na tsufa, ko ya auna kuɗin hayar da gidan zai iya kawowa. Banki yana buƙatar wannan adadi domin gidan shi ne jingina. Ranar da mai bashi ya gaza, gidan za a sayar a mayar da kuɗi.

A Ingila sana'ar ta daɗe da samun gida. A 1868 masu awon ƙasa da ƙiyasin kadara suka kafa ƙungiyarsu a Landan, aka ba ta takardar sarauta a 1881, ita ce ake kira RICS a yau. A Amurka sai da aka sha wuya. Shekarun 1920 shekaru ne na rububin filaye da gine-gine, aka yi ta cin bashi a kan farashin da ba shi da tushe. Da kasuwa ta rushe a 1929, dubban bankuna suka rufe, iyalai suka rasa muhallinsu, sai aka fara tambayar waɗanda suka yi wa waɗannan gidaje kuɗi tun farko. A 1932 wasu ƙwararru suka kafa cibiyar masu ƙiyasin kadara ta Amurka, suka ƙirƙiro lambar ƙwarewa ta MAI. A 1935 aka kafa wata ƙungiyar ta masu ƙiyasin gidajen zama. Dukkansu suna koyarwa, suna jarrabawa, suna da ƙa'idojin ladabi. Amma shigarsu ganin dama ce. Wanda ya ƙi shiga, ko aka kore shi, yana ci gaba da aikinsa washegari babu mai hana shi.

Akwai wani ɓangare na tarihin nan da bai kamata a tsallake ba, domin yana nuna cewa ilimin sana'ar ma ba tsarkakakke ba ne. A 1934 gwamnati ta kafa hukumar FHA don ta tsaya wa masu cin bashin gida. Frederick Babcock, wanda littattafansa suka aza tubalin sana'ar, shi ya jagoranci tsara littafin ƙa'idojin ƙiyasi na hukumar. Littafin ya koya wa masu ƙiyasi cewa cuɗanyar launin fata a unguwa tana rage darajar gida. Wata hukumar gwamnati ta wancan zamani ta zana taswirorin birane, ta shafa wa unguwannin da ta ɗauka masu haɗari jan launi, kuma unguwannin baƙar fata galibi can suka faɗa. Wannan koyarwa ta daɗe a cikin littattafan horo, har sai da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai manyan ƙungiyoyin biyu kotu a 1976 kafin aka goge ta. Iyalai da yawa sun rasa damar mallakar gida saboda alƙalamin ƙwararru masu lambar yabo.

Duk da haka ba wannan zalunci ne ya kawo lasisi ba. Asarar kuɗin baitulmali ce ta kawo shi.

A ƙarshen shekarun 1970 Amurka tana da ƙananan bankuna na ajiya da lamunin gidaje, sama da 3,000. Aikinsu mai sauƙi ne: su karɓi ajiyar mutanen gari, su ba maƙwabta bashin sayen gida na shekara 30 a kan ruwa kaɗan wanda ba ya canjawa. Daga 1979 babban bankin ƙasar, ƙarƙashin Paul Volcker, ya ɗaga kuɗin ruwa don ya karya hauhawar farashi, har ruwan da manyan bankuna ke caji ya haura kashi 20 cikin ɗari. Ƙananan bankunan nan suka wayi gari suna biyan masu ajiya fiye da abin da suke samu daga tsofaffin basussukansu. Maimakon a rufe waɗanda suka karye, sai majalisa ta kwance musu mara. A 1980 aka ɗaga inshorar gwamnati a kan ajiya daga dala 40,000 zuwa 100,000. A 1982 wata doka ta ba su damar zuba kuɗi a manyan gine-ginen kasuwanci da filaye, harkar da ba su saba da ita ba. Mai banki ya gane cewa idan caca ta ci riba tasa ce, idan ta faɗi gwamnati za ta biya masu ajiya. Abu ɗaya kawai ya rage masa, wato takardar da za ta nuna cewa jingina ta kai kuɗin da aka ranta.

Abin da ya faru a gabashin Dallas, a jihar Texas, ya isa misali. Wani banki mai suna Empire Savings a garin Mesquite ya haɗa baki da 'yan kasuwar filaye da ke gina gidaje a gefen babbar hanyar I-30. Sai su sayi fili, su sayar wa junansu, wannan ya miƙa wa wancan, wani lokaci sau da yawa a yini ɗaya, kowane ciniki farashi na ninkuwa. A ƙarshe mai ƙiyasi ya zo ya rubuta cewa filin ya kai farashin ƙarshe, hujjarsa kuwa ita ce cinikayyar ƙaryar da suka shirya da kansu. Banki ya ba da bashi a kan wannan adadi, aka raba kuɗi. Gidajen da aka gina suka tsaya babu masu saye. An rufe bankin a 1984, daga baya kotu ta ɗaure jagororin harkar, har da masu ƙiyasi a cikinsu. Irin wannan ya faru a wurare da dama. Tsakanin 1986 da 1995 bankunan ajiya sama da 1,000 suka durƙushe, masu biyan haraji suka ɗauki asarar fiye da dala biliyan 120.

Ɗan majalisar wakilai Doug Barnard na jihar Jojiya shi ya bi diddigin rawar masu ƙiyasi. Kwamitinsa ya saurari shaidu a ƙarshen 1985, ya fitar da rahoto a 1986 da ya nuna cewa ƙiyasin ƙarya ko na ganganci yana cikin musabbabin karyewar bankuna da yawa. Ƙungiyoyin sana'ar suka hango cewa idan ba su gyara da kansu ba gwamnati za ta gyara musu. Tara daga cikinsu, takwas na Amurka ɗaya ta Kanada, suka zauna suka rubuta ƙa'idoji na bai-ɗaya da ake kira USPAP, sannan a 1987 aka kafa gidauniyar Appraisal Foundation don ta riƙe su.

Ranar 9 ga Agusta, 1989, Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar gyaran bankuna ta FIRREA. Babi na 11 na dokar shi ne asalin lasisin da ake da shi yau. An raba aikin gida uku. Gidauniyar, wadda ba hukumar gwamnati ba ce, ita ke tsara ƙa'idojin aiki da mafi ƙarancin karatu da gogewar da ake bukata. Kowace jiha tana da hukumarta mai ba da lasisi, mai karɓar ƙorafi, mai ƙwace lasisin wanda ya saɓa. Sannan wani ƙaramin kwamitin tarayya yana sa ido a kan jihohin, yana riƙe da rajistar masu lasisi ta ƙasa baki ɗaya. Jihohi sun yi jinkiri, aka yi ta ɗage wa'adi, sai a farkon 1993 tsarin ya kankama sosai.

Matakan huɗu ne, ga sharuɗɗansu kamar yadda suke har zuwa 2025. Ɗan koyo yana farawa da karatun awa 75, ba ya sa hannu shi kaɗai, sai ƙarƙashin ubangida. Mai lasisin gidajen zama yana bukatar karatun awa 150 da aikin awa 1,000, kuma ƙananan gidaje marasa sarƙaƙiya yake taɓawa. Mai takardar shaidar gidajen zama, awa 200 na karatu da 1,500 na aiki, yana iya ƙiyasta gida komai tsadarsa muddin bai wuce na iyali huɗu ba. Na sama shi ne mai takardar shaida ta gaba ɗaya: awa 300 na karatu, awa 3,000 na aiki cikin aƙalla wata 18, da digirin jami'a. Shi ake kira idan otal ne, ko masana'anta, ko gona, ko rukunin shaguna. Bayan ɗan koyo, kowane mataki yana da jarrabawar ƙasa, kuma kowa sai ya riƙa sabunta karatu. Sai dai dokar ta bar ƙofa: hukumomin bankuna suna iya yanke adadin da bashin da bai kai shi ba ba dole sai mai lasisi ya yi masa ƙiyasi ba. A 1994 suka sa shi dala 250,000, a 2019 suka ɗaga na gidajen zama zuwa 400,000.

A ganina masu dokar 1989 sun yi maganin rabin cutar ne. Sun ɗauka jahilci ne ya kai bankuna ƙasa, sai suka kawo aji da jarrabawa. Amma mai ƙiyasin da ya sa hannu a kan filayen I-30 bai jahilci lissafi ba. Ya san abin da yake yi, kuma ya san wa zai kira shi aiki gobe. Dokar ba ta taɓa wannan ba. Ta bar dillalin bashi, wanda ba ya samun ko sisi sai ciniki ya faɗa, shi ne mai zaɓen wanda zai yi ƙiyasi. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba a yi shekara 15 ba sai ga sakamako. Da farashin gidaje ya fara tashin gwauron zabo a farkon shekarun 2000, dillalan bashi sukan kira mai ƙiyasi su gaya masa adadin da suke so kafin ya je ya ga gidan. Wanda ya ƙi, a daina ba shi aiki. Masu gaskiya a cikinsu ba su yi shiru ba, kuma ya kamata a riƙa tuna musu wannan. Tsakanin 2000 da 2007 masu ƙiyasi kimanin 11,000 suka sa hannu a takardar koke zuwa ga hukumomin tarayya suna bayyana matsin da ake musu. Hukumar da ta binciki rikicin kuɗi na 2008 ta kawo wani bincike da ya nuna cewa a 2003 kashi 55 cikin ɗari na masu ƙiyasi sun ce an matsa musu su kumbura farashi, zuwa 2006 adadin ya kai kashi 90. Duk waɗannan mutane masu lasisi ne, sun ci jarrabawa. Koken nasu bai sa an canja komai ba har kasuwa ta rushe.

Gyaran ya biyo ta New York. A 2007 babban lauyan jihar, Andrew Cuomo, ya kai wani kamfanin ƙiyasi kotu bisa zargin barin bankin Washington Mutual ya zaɓi masu ƙiyasin da za su ba shi adadin da yake so. Daga nan aka cim ma yarjejeniya da manyan hukumomin sayen basussukan gidaje, Fannie Mae da Freddie Mac, wadda ta fara aiki a Mayun 2009, ta hana mai cin la'adar bashi zaɓen mai ƙiyasi. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta haramta matsa wa mai ƙiyasi ko saye shi. Wannan shi ne abin da ya kamata a yi tun 1989. Ya zo da nasa nauyin, domin bankuna da yawa sun miƙa rabon aiki ga kamfanonin 'yan tsakiya, su kuma suna yankar kaso daga ladan mai aikin, suna fifita mai araha da sauri.

A ɓangaren karatu ma an yi ta kai gwauro ana kai mari. A 2008 aka ƙara awannin aji, a 2015 aka wajabta digiri ga masu takardar shaida. Sababbin shiga suka ragu, ƙauyuka suka rasa masu ƙiyasi, sai a 2018 aka sassauta sharaɗin digiri ga masu gidajen zama, aka rage awannin aiki. Babban shingen dai shi ne neman ubangida. Ƙwararre ba ya ɗokin horar da wanda zai zama kishiyarsa a gari ɗaya, don haka sau da yawa ɗa ko ɗan'uwa ko ɗan aboki ne ke samun gurbi, sana'ar ta ci gaba da zama a hannun fararen fata kusan kacokan. A 2021 binciken Freddie Mac ya gano cewa a unguwannin baƙar fata kashi 12.5 na gidaje ake yi wa kuɗi ƙasa da farashin da aka daidaita, a na fararen fata kuwa kashi 7.4. A wannan shekarar ne sabon tsarin PAREA ya fara aiki, wanda ke ba ɗan koyo damar samun gogewa ta kwamfuta ƙarƙashin malami, ba sai ya sami wanda zai ɗauke shi ba.

Nijeriya ta riga Amurka a wannan fage, domin ta gaji tsarin Ingila. Ƙungiyar masu ƙiyasin kadara ta ƙasa, NIESV, an kafa ta a 1969, kuma dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa hukumar ESVARBON mai yi musu rajista. Saboda haka mai karatu da zai jinginar da gida a banki, ko za a biya shi diyyar fili, ko ana shirin rabon gadon da ya haɗa da gidaje da shaguna, yana da ikon ya nemi ganin lambar rajista da hatimin wanda ya yi ƙiyasin. Ya kuma tambayi wa ya ɗauko shi, wa zai biya shi, kuma ko ladan nasa zai ƙaru idan adadin ya hau.