Yajin Aikin Gurindji: Yadda Makiyayan Ostireliya Suka Ƙwato Ƙasar Kakanninsu

Ranar 23 ga Agusta 1966, mutum kusan 200 'yan ƙabilar Gurindji, makiyaya da masu aikatau da iyalansu, suka tattara komatsansu suka fice da ƙafa daga gandun kiwon shanu na Wave Hill da ke Yankin Arewacin Ostireliya. Jagoransu shi ne Vincent Lingiari, dattijon da bai taɓa shiga aji ba, amma jama'arsa ba sa ƙetare maganarsa. Gandun mallakar kamfanin Vestey na Ingila ne tun 1914. Sai da aka yi shekara tara kafin gwamnati ta miƙa wuya ga babbar buƙatarsu. Darasin wannan gwagwarmaya shi ne cewa ga al'ummar da aka ƙwace wa ƙasa, ladan aiki da wurin kwana da mallakar ƙasa magana ɗaya ce, kuma talakawan da abin ya shafa sun riga lauyoyi da 'yan siyasa gane haka.

'Yan asalin Ostireliya sun zauna a wannan nahiya fiye da shekara 50,000 kafin Turawan Ingila su sauka a 1788. Dokar 'yan mulkin mallaka ta ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita. Da aka kora shanu cikin ƙasar Gurindji a 1883, dabbobin suka mamaye mashaya, suka lalata tsirran da mutane ke ci, waɗanda suka yi turjiya kuwa aka sa musu bindiga. Wanda ya tsira ba shi da hanyar zama kusa da kushewar kakanninsa sai ta yi wa baƙon aiki. A Wave Hill ana ba su naman gishiri da burodi da shayi da sukari, suna kwana a bukkokin kwano marasa daɓe, babu tsaftataccen ruwa a kusa, kuɗin da ke shiga hannunsu kuma ɗan kaɗan ne daga abin da ake biyan Baturen da ke aiki iri ɗaya. Rashin ƙasa ne ya sa aikinsu ya yi araha, domin wanda ba shi da wurin komawa ba ya iya ciniki a kan guminsa.

Abin da ya tunzura su a 1966 batun albashi ne. A watan Maris na shekarar, hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta yanke hukuncin a riƙa biyan makiyaya 'yan asali daidai da Turawa, amma ta jinkirta aiwatarwa zuwa Disamba 1968 don masu gandaye su kimtsa. Ba a Wave Hill aka fara irin wannan bore ba, domin tun 1 ga Mayu 1946 ma'aikata kusan 800 a yankin Pilbara na yammacin ƙasar suka ajiye aiki, yajin da ya kai 1949. Sabon abin da Gurindji suka zo da shi ya bayyana a 1967, lokacin da suka tashi daga sansaninsu na farko suka koma Daguragu, wuri mai alfarma a al'adarsu, a cikin filin da kamfanin ke riƙe da takardarsa. Suka fara gina gidaje, suka kafa allo mai ɗauke da sunan ƙabilarsu, suka aika wa Gwamna Janar Lord Casey takardar koke suna neman a mayar musu da murabba'in mil 500. Aka ƙi. Aka yi musu tayin ƙarin lada da gidaje a matsugunin gwamnati, su ma suka ƙi.

Tun a wancan lokaci akwai masu cewa 'yan ƙungiyar ƙwadago da 'yan gurguzu ne suka zuga su. Gaskiya ne sun sami mataimaka, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dexter Daniels, ɗan asali kuma jami'in ƙungiyar ƙwadago, ya tsaya musu. Brian Manning, ɗan dakon tashar jiragen ruwa ta Darwin, ya yi ta kai musu abinci a motarsa ta tafiyar ɗaruruwan kilomita. Marubuci Frank Hardy ya yayata labarinsu a biranen kudu, 'yan dakon tashoshi kuma suka yi karo-karo aka sayi kayan shinge. Sai dai waɗannan abokai sun zo ne da tunanin rikicin albashi, Gurindji ne suka ja su zuwa batun ƙasa. Da 'yan amshin shata ne, da ranar da aka ƙara lada sun koma bakin aiki.

Wasu kuma na cewa sauyin daga sama ya sauko, suna nuni da hoton nan na 16 ga Agusta 1975, inda Firayim Minista Gough Whitlam ke zuba ƙasa a tafin hannun Lingiari. Jerin shekarun ya isa amsa. A 1963 'yan asali mazauna Yirrkala suka aika wa majalisa koke a kan ɓawon itace saboda haƙar ma'adinai a ƙasarsu, a 1971 kotu ta ce doka ba ta san mallakarsu ba. Ranar 26 ga Janairu 1972, bayan Firayim Minista William McMahon ya ƙi amincewa da 'yancin mallakar ƙasa, matasa huɗu 'yan asali suka kafa laima a gaban majalisa a Kanbera suka kira ta ofishin jakadancin 'yan asali. A unguwar Redfern ta birnin Sidni, marasa muhalli suka shiga gidajen da aka bari babu kowa ana shirin gyara su don masu kuɗi, ƙungiyar leburorin gini ta hana 'ya'yanta taɓa wurin, har gwamnati ta ba da kuɗi a 1973 aka kafa kamfanin gidaje mallakar 'yan asali. Whitlam ya cancanci yabo, amma ya tarar da tuwon ya kusa nuna. Shi ya sa ko da aka sauke shi, gwamnatin abokin hamayyarsa Malcolm Fraser ce ta zartar da Dokar Mallakar Ƙasa ta Yankin Arewa a 1976.

Suka mafi nauyi ita ce ta sakamako. Bayan daidaita albashi a 1968, masu gandaye da dama sun sallami makiyaya 'yan asali, suka koma ga shinge da babura da jirage masu saukar ungulu, iyalai masu yawa suka watsu zuwa gefen garuruwa babu aiki. Har yau ana fama da cunkoso a gidaje da rashin aikin yi da gajeren rai a ƙauyukan 'yan asali, kuma a Oktoba 2023 kashi 60 cikin 100 na masu zaɓe suka ƙi amincewa a ba 'yan asali majalisar ba da shawara a kundin tsarin mulki. Ba a musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma korar da aka yi wa ma'aikata ita ce babbar hujjar Lingiari: kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya sami ƙarin lada a filin wani, ranar da mai filin ya ga dama zai kore shi daga aikin da bukkar gaba ɗaya. Gurindji kuwa, da suka nace a kan ƙasa, sun karɓi hayar fili fiye da murabba'in kilomita 3,000 a 1975, aka mayar da shi cikakkiyar mallaka a 1986, kuma ba a sake iya tashinsu ba. Ƙasa ba ta gina asibiti ko makaranta da kanta, amma sai da ita ake samun wurin tsayawa a nemi sauran haƙƙoƙi.

Lingiari ya rasu a 1988, shekara huɗu kafin babbar kotun ƙasar, a shari'ar Mabo ta 1992, ta soke da'awar cewa Ostireliya ba ta da masu ita lokacin zuwan Turawa. A yau kusan rabin Yankin Arewa yana hannun 'yan asali a ƙarƙashin dokar 1976, kuma kowace shekara a watan Agusta jikokin masu yajin suna taruwa a garin Kalkarindji su sake taka hanyar da kakanninsu suka bi. Duk mai fafutukar kare haƙƙin ma'aikaci ko na marar muhalli, ya fara tambayar wane ne ke riƙe da ƙasar da suke tsaye a kai, ya kuma bar waɗanda abin ya shafa su faɗi buƙatarsu da bakinsu.