Kunya Biyu a Bayan Ɗakin Kwana

'Yan ajinmu za su tuna 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, wato OFN. Aka damƙa wa kowannenmu fartanya da kunya biyu a bayan ɗakin kwana. Mun ɗauka horo ne; ni kam har bulala na sha kan gudun ban-ruwa. A 1980 Shagari ya kawo nasa shirin, daga baya lambun ya koma filin ƙwallo.

Da tumatir ya gagari talaka a 2024, sai na ajiye wayar da ke cinye mini la'asar, na kafce bayan gida. Jikata ke ɗebo ruwa. Malaminmu na aikin gona, Allah ya saka: har yau taki guda nake bari tsakanin kuɓewa da kuɓewa.