Daskararriyar Fiya da Sabuwa: Nazarin Ɗanɗano da Sauƙin Amfani a Yanayin Ƙasar Roni

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta sabuwar fiya da wadda aka daskarar, ta fuskar ɗanɗano da sauƙin amfani, bisa abin da kimiyyar abinci ta tabbatar da kuma yadda 'ya'yan itace ke isowa ƙasar Roni ta Jihar Jigawa. Maƙalar ta nuna cewa daskarewa ta fi cutar da laushin fiya a kan garɗinta, kuma sauƙin da ake yaba wa daskararriya ya rataya ne a kan sanyin da ba ya yankewa. Saboda haka amfaninta a wannan yanki ya fi kusa da 'yan kasuwa, ba ɗakin girki ba.

1.0 Gabatarwa

Fiya baƙuwa ce a Roni. Asalinta ƙasar Meziko da Amurka ta Tsakiya, kuma har yau Meziko ce kan gaba a nomanta, musamman jihar Michoacán. A Nijeriya tana yi a kudu maso gabas da tsaunukan Filato da Mambila. Bishiyar ba ta jure busasshiyar iska mai zafi, alhali a masarautar Kazaure, wato Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, damina wata huɗu ce, zafin bazara kuwa yakan haura digiri 40. Fiyar da za a ci a nan sai ta yi doguwar tafiya a mota zuwa Kano, inda kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa take, sannan 'yan sari su biyo da ita hanyar Daura.

A Turai da Amurka ana sayar da ita a fere, a yanke, a daskare cikin leda. Tambayar ita ce: me mai ci yake samu, me yake rasawa, kuma ko lissafin zai tsaya a nan?

2.0 Halin Fiya Bayan Tsinka

Fiya ba ta nuna a kan bishiya. Sai an tsinke ta take fitar da iskar etilin, wadda ke sa ta yi laushi. Daga nan ba a iya tsayar da ita: yau tana da tauri, jibi ta nuna, gata ta luguiguice. Zafi yana ƙara gaggauta wannan. Shi ya sa mai saye ke latsa ta da babban yatsa, kuma kowace latsa tabo take bari a ciki, wanda mai sayen ƙarshe zai tarar.

Da an yanka ta kuma, wani sinadari da ke cikin tsokarta ya haɗu da iska sai fuskarta ta yi duhu. Ruwan lemun tsami yana rage wannan.

Dabarar da mutanen yankin suka gada ba ta aiki a kanta. Tumatir ana yanka shi a shanya ya zama kauɗa, kuɓewa da tattasai ma haka, don ruwa ne mafi yawan jikinsu kuma rana kyauta ce. Fiya mai maiƙo ce; a irin Hass, wanda Rudolph Hass na Kalifoniya ya yi wa rajista a 1935, mai ya kai kusan kashi 15 cikin ɗari. Idan aka shanya ta, man ya lalace ya yi wari. Idan aka dafa ta, ta yi ɗaci. Sanyi kaɗai ya rage, shi ma da sharaɗi: wadda ba ta nuna ba, in ta sha sanyi da yawa, cikinta yakan yi toka-toka ta ƙi nuna yadda ya kamata.

3.0 Ɗanɗano

Abin da harshe ke so a fiya iri biyu ne: garɗin mai, da santsin tsokar da ke narkewa a baki ba tare da ta zama ruwa ba. Daskarewa ba ta yi wa na farko illa sosai, domin mai da yawancin sinadaran gina jiki suna nan. Na biyun ne take rushewa. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na tsokar ruwa ne. In ya daskare sai ya zama tsinin ƙanƙara ya huda bangon ƙwayoyin halittar tsokar, in ya narke kuma babu abin da zai riƙe shi. Sai yankan ya saki, ya yi tsamo-tsamo, ya yi duhu da wuri.

Girman ɓarnar ya danganta da saurin daskarewa. Wannan shi ne abin da Clarence Birdseye ya gina sana'arsa a kai a shekarun 1920: daskarewa cikin gaggawa tana haifar da ƙananan ƙanƙara, ta sannu-sannu kuwa manya. Injin masana'anta yana gamawa cikin mintuna, firizar gida sai ta ɗauki sa'o'i. Kuskure ne ke nan a ɗauki yabon da ake wa ta masana'anta a jingina wa wadda uwargida ta jefa a firiza.

Akwai kuma batun iri, wanda marubuta kan tsallake. Ta cikin ledar ƙasashen waje galibi Hass ce. Wadda ta fi yawa a kasuwanninmu manya ce masu santsin ɓawo, da aka shuka daga ƙwallo, kuma nau'in ƙasashe masu zafi ya fi ruwa ya kasa mai. Abin da ya fi ruwa shi ƙanƙara ta fi yi wa ɓarna.

Hukuncin a nan ya danganta da yadda za a ci. Wanda zai yanka a kan shinkafa ko cikin kwaɗon latas, daskararriya ba ta yi masa ba, ko kusa. Wanda zai markaɗa da madara ko yogot, ko ya dama ya shafa a burodi, da wuya ya gane bambanci, tunda abin da ƙanƙara ta rushe injin markaɗe ma zai rushe shi.

4.0 Sauƙin Amfani

Ba a musun sauƙin: babu jiran nuna, babu ferewa, babu cacar yanka a tarar da baƙi, kuma a ɗebi daidai buƙata. Amma duk wannan yana bisa sharaɗi ɗaya, a riƙe ta a digiri 18 ƙasa da sifiri tun daga masana'anta har bakin mai ci.

Kenya, ɗaya daga cikin ƙasashen Afirka da suka fi fitar da fiya, ta ɗanɗana tsadar wannan sharaɗi. A Afrilun 2019 ta ƙulla yarjejeniya da Sin, amma saboda tsoron ƙudan 'ya'yan itace Sin ta ce sai daskararriya: a fere, a daskarar a digiri 30 ƙasa da sifiri, a yi jigila a 18 ƙasa da sifiri. 'Yan kasuwa ƙalilan ne suka iya, har sai da aka buɗe wa sabuwa ƙofa a 2022.

A Nijeriya, tsarin rukunin masu amfani da lantarki ya tanadi sa'a 20 a rana ga rukunin A, na E kuwa sa'a 4. A Afrilun 2024 kuɗin rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kowane kilowat a sa'a, bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya riga ya tsadantar da janareto. Cikakkiyar firiza da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kamar kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya. A zafin Afrilu, da yara na buɗewa neman ruwan sanyi, ba za ta kai haka ba. Kowace narkewa da sake daskarewa tana ƙara girman ƙanƙarar. Mafi muni, fiya ba ta da tsami, kuma sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su Listeriya, dakatar da su kawai yake yi. Sabuwa kuwa ɓawonta ne ledarta, ba ta neman wuta.

5.0 Inda Daskarewa Za Ta Yi Amfani

Asarar fiya a wurin dillali take faruwa, ranar da buhu ya nuna gaba ɗaya. A nan ne daskarewa ke da ma'ana: a kwashe tsokar wadda ta nuna daidai, a dama da ruwan lemun tsami, a zuba a leda a baje ta siririya don ta daskare da sauri, a fitar da iska. Masu sayenta su ne masu markaɗa kayan sha a Kano da Kazaure, musamman a watan azumi, ba gidaje ba.

Ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, irin na ColdHubs da Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, sanyaya kaya suke yi, ba daskarwa ba. Za su ƙara wa nunanniyar fiya 'yan kwanaki. Daskarwa na buƙatar firiza mai nata farantin hasken rana da batir, kuma a Roni mai irin wannan firiza zai auna ribar fiya da ta ƙanƙara da zoɓo, waɗanda ke ƙarewa kullum kafin magariba.